BABI NA UKU: TSAMO KWALTAR DA KE YAWO A SAMAN TAFKUNAN DAGWALO

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake tsamo kwaltar da ke tasowa tana yawo a saman manyan tafkunan da masana'antun haƙar kwalta ke zuba dagwalonsu. An zaɓi yankin Athabasca da ke arewa maso gabashin lardin Alberta na ƙasar Kanada domin a ɗora bayanin a kansa, saboda a nan ne aka fi daɗewa ana haƙar yashi mai kwalta ana wanke shi da ruwan zafi, kuma a nan ne tafkunan suka fi girma. Za a fara da ma'anar kwalta da ta tafkin dagwalo, sa'annan a nuna hanyar da kwaltar ke bi ta suɓuce wa masana'anta ta faɗa tafki. Daga nan sai a kawo dalilan da ke sa ta yawo, da dalilan da suka wajabta tsamo ta, da matakan aikin, da kuma matsalolin da ke tattare da shi. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, yawon da kwalta ke yi a saman ruwa na ɗan lokaci ne. Saboda haka nasarar aikin ta dogara ne ga yin sa da wuri, kuma kusa da inda dagwalon ke fitowa.

3.1 Ma'anar Kwalta da Tafkin Dagwalo

Kalmar kwalta sananniya ce ga Bahaushe, domin da ita ake shimfiɗa hanyoyin mota, har ma akan kira hanyar kanta da sunan kwalta. Wadda ake shimfiɗawa a hanya galibi ragowar ɗanyen mai ce da ke saura a matata bayan an fitar da fetur da kananzir da man dizal. Amma akwai wata wadda take cikin ƙasa tun asali, a cakuɗe da yashi da yumɓu da ruwa. Ita wannan ta biyun ce ake nufi a wannan babi. Baƙa ce mai kauri da danƙo, ba ta gudu idan ba an ɗumama ta ba, kuma idan sanyi ya kama ta takan yi tauri kamar roba. A cikin kowane kilo 100 na yashin da ake haƙa a Athabasca akan sami kimanin kilo 10 zuwa 12 na kwalta, da ruwa kaɗan, sauran kuwa yashi ne da yumɓu.

Dagwalo kuwa, a nan ana nufin duk abin da ya rage bayan an cire kwalta daga yashin, wato ruwan wanki, da yashi, da yumɓu, da gishiri-gishiri, da sinadaran da aka yi aiki da su, da kuma ragowar kwaltar da ba a kama ba. Tafkin dagwalo shi ne makeken wurin da aka kewaye da ganuwar yashi, ko kuma tsohon ramin haƙa, inda ake zuba wannan cakuɗe domin ya kwanta a sake ɗibar ruwan. Ba ƙananan kududdufai ba ne. Tafkunan yankin tare da ganuwoyinsu sun mamaye fiye da murabba'in kilomita 200, kuma zuwa shekarar 2020 taɓon da ke kwance a cikinsu ya haura lita tiriliyan ɗaya.

3.2 Yadda Kwalta ke Kaiwa ga Tafki

Hanyar da ake bi wajen raba kwalta da yashi ta samo asali ne daga aikin wani masanin kimiyyar sinadarai mai suna Karl Clark, wanda ya yi aiki da Majalisar Bincike ta Alberta, ya kuma yi rajistar dabararsa a shekarar 1929. Masana'anta ta farko da ta yi aiki da wannan dabara a babban mataki ita ce ta kamfanin Great Canadian Oil Sands, wanda daga baya ya zama Suncor, a shekarar 1967. Ta kamfanin Syncrude ta biyo baya a shekarar 1978. Dukkansu suna arewacin garin Fort McMurray, a kusa da kogin Athabasca.

Aikin yakan bi waɗannan matakai. Da farko akan haƙo yashin da manyan motocin haƙa, a farfasa shi, sa'annan a kwaɓa shi da ruwan ɗumi. A da ruwan yakan kai kimanin digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, amma daga baya an rage shi zuwa tsakanin 40 da 55. Wani lokaci akan ƙara sinadarin soda irin wanda ake haɗa sabulu da shi. Kwaɓin yakan bi dogon bututu, inda kwaltar ke saki daga jikin yashi ta manne wa ƙananan ƙwayoyin iska. Daga nan sai a zuba shi cikin wata ƙatuwar tukunya mai tsinin gindi, inda yake rabuwa gida uku: kumfar kwalta a sama, ruwan laka a tsakiya, yashi a ƙasa. Kumfar da aka kwashe tana ɗauke da kimanin kashi 60 cikin ɗari na kwalta, kashi 30 ruwa, kashi 10 kuma ƙasa. Domin a tsabtace ta sai a surka ta da wani mai marar nauyi, kamar nafta, wanda ke rage mata kauri har ruwa da ƙasar su rabu da ita.

Akan wanke kimanin tan biyu na yashi kafin a sami ganga ɗaya ta mai, wato lita 159. Haka kuma ba duka kwaltar ake kamawa ba. Ƙa'idar Hukumar Kula da Makamashi ta Alberta ita ce, idan yashin yana da kwalta kashi 11 cikin ɗari ko fiye, to lallai masana'anta ta kama kashi 90 cikin ɗari nata. Ke nan a kan wannan ma'auni, duk ganga tara da aka kama akwai ganga ɗaya da ta kuɓuce, kuma mafi yawan wadda ta kuɓuce tafki take nufa. Ƙofofin da take bi guda biyu ne: dagwalon da ke fita daga gindi da tsakiyar tukunyar rabuwa, da kuma dagwalon da ke fita daga sashen tsabtace kumfa. Na biyun bai kai na farko yawa ba, amma ya fi shi yawan kwalta a kowace lita, kuma shi ne ke ɗauke da ragowar nafta.

3.3 Dalilan da ke Sa Kwalta Yawo

Mai karatu zai iya ɗauka cewa kwalta tana yawo ne kamar yadda man gyaɗa ke yi a saman ruwa. Ba haka abin yake ba. Lita ɗaya ta kwaltar Athabasca tana da nauyin kimanin kilo ɗaya, wato kusan daidai da nauyin lita ɗaya ta ruwa, kuma a cikin sanyi takan ɗan fi ruwan nauyi. Saboda haka ita kaɗai ba ta da abin da zai ɗaga ta sama. Abubuwan da ke ɗaga ta su ne:

(i) Iska. Ƙwayoyin iskar da suka manne mata tun daga masana'anta, da waɗanda ke shiga yayin da dagwalo ke faɗowa daga bakin bututu, su ne ke rage mata nauyi.

(ii) Ɗumi. Dagwalo yakan fito da sauran ɗuminsa. Kwalta mai ɗumi ta fi laushi, ta fi saurin kama iska, kuma nauyinta yakan ragu fiye da yadda na ruwa ke raguwa.

(iii) Nafta. Ragowar man da aka surka ta da shi ba shi da nauyi, saboda haka kwaltar da ke ɗauke da shi ta fi saurin tasowa.

(iv) Iskar gas daga ƙasan tafki. A cikin taɓon akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke cin nafta suna fitar da iskar gas mai suna metan. A tafkin Mildred Lake na kamfanin Syncrude an fara ganin wannan iska tana ɓulɓulowa ne a farkon shekarun 1990, bayan an shafe fiye da shekara goma ana zuba dagwalo a ciki. Idan iskar za ta taso takan ɗauko kwaltar da ta riga ta nitse ta kawo ta sama.

Ya kamata a lura cewa duk waɗannan abubuwa masu gushewa ne. Ƙwayoyin iska suna fashewa, ɗumi yana hucewa, nafta kuma tana bin iska. Bugu da ƙari, ƙura da yumɓu suna manne wa kwaltar suna ƙara mata nauyi. A ƙarshe sai ta nitse ta kwanta kamar tabarma a saman taɓon da ke ƙasa. Shi kuwa wannan taɓo, bayan 'yan shekaru yakan yi kauri irin na kindirmo, da ƙasa kimanin kashi 30 cikin ɗari, sa'annan ya tsaya a haka shekaru masu yawa ba tare da ya ƙara kwantawa sosai ba. Bisa ga haka ana iya kasa kwaltar da ke yawo gida biyu: sabuwa, wadda ke tasowa kusa da bakin bututu, da tsohuwa, wadda ta nitse sa'annan iskar gas ta sake ɗago ta a wurare dabam-dabam. Ta farko ta fi sauƙin kamawa, kuma ta fi amfani idan an kama ta.

3.4 Dalilan Tsamo Kwaltar

3.4.1 Kare Tsuntsaye

Tafkunan suna kan hanyar da tsuntsayen ruwa masu ƙaura ke bi zuwa fadamun da kogin Peace da na Athabasca suka haɗu, a arewa da wurin. A watan Afrilu, lokacin da tafkunan daji ke rufe da ƙanƙara, ɗumin dagwalo yakan sa wasu sassan tafkunan masana'antu su riga narkewa, sai tsuntsaye su ɗauka ruwan sauka ne. Idan kwalta ta shafi gashin tsuntsu sai ya manne, ruwa da sanyi su shiga jikinsa, ya kasa tashi, wani lokaci ma ya nitse.

A ranar 28 ga Afrilu, 2008, agwagin daji suka sauka a tafkin Aurora na kamfanin Syncrude, a daidai lokacin da ba a kafa na'urorin korar tsuntsaye ba. Guda 1,606 ne suka mutu. A watan Yuni na 2010 kotu ta sami kamfanin da laifi a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta lardi da dokar tarayya ta kare tsuntsaye masu ƙaura, kuma a watan Oktoba na wannan shekara aka ɗora masa biyan dalar Kanada miliyan 3, wadda aka ba da wani kaso nata ga Jami'ar Alberta domin bincike a kan kare tsuntsaye. Haka kuma a watan Agusta na 2015 an sami gawar tsuntsaye 31 jinsin zalɓe a wani tsohon rami mai kwalta na kamfanin, abin da ya jawo masa biyan dala miliyan 2.75 a shekarar 2019. Kamfanoni suna kafa bindigogin gas masu ƙara, da mutum-mutumi, da na'urorin da ke hango tsuntsu tun daga nesa su saki ƙara. Amma tsuntsaye sukan saba da ƙara, kuma idan mugun yanayi ya tilasta musu sauka ba abin da ke hana su. Ke nan cire kwaltar daga saman ruwa shi ne ke kawar da haɗarin daga tushe.

3.4.2 Kare Ruwa da Injuna

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ruwan da masana'antun ke wanki da shi daga tafkunan ake sake ɗibo shi. Idan kwalta ta bi ruwan takan toshe bakin famfo, ta manne a cikin bututu da na'urorin ɗumama ruwa, ta rage musu aiki har a tsayar da su domin wankewa.

3.4.3 Ceto Dukiya

Kwaltar da ta faɗa tafki an riga an kashe kuɗi wajen haƙo ta, da ɗauko ta, da ɗumama ta. Idan aka tsamo ta tana sabuwa ana iya mayar da ita cikin masana'anta ta zama mai.

3.4.4 Gyaran Ƙasa

Umarni mai lamba 085 da hukumar makamashin lardin ta fitar a shekarar 2016 ya ɗora wa kamfanoni nauyin shirya dagwalonsu ta yadda zai dace da gyara cikin shekara goma bayan an daina haƙa a wurin. Ba zai yiwu a mayar da tafki wurin zaman kifi da tsirrai ba muddin kwalta na tasowa a samansa.

3.5 Matakan Tsamo Kwalta

Yawancin kayan wannan aiki an aro su ne daga aikin kwashe man da ya malala a teku, sa'annan aka gyara su domin su dace da abu mai kauri. Matakan guda huɗu ne.

3.5.1 Tarewa

Mataki na farko shi ne hana kwaltar bazuwa. Ana yin haka da shingen ruwa, wato doguwar igiya mai sassa uku: abin da ke yawo a sama, da labulen roba da ke rataye a cikin ruwa, da sarƙa a ƙasa wadda ke riƙe labulen a miƙe. Akan kewaye bakin bututun dagwalo da shi, a kuma kewaye wurin da famfo ke ɗibar ruwa. Shingen yana da iyaka. Idan gudun ruwan da ke dukan sa kai tsaye ya wuce kimanin sulusin mita a sakan ɗaya, kwaltar takan kutsa ta ƙarƙashin labulen ta wuce. Saboda haka akan girka shi a karkace domin ya riƙa kora ta zuwa lungu guda. Ma'aikata sukan kuma yi la'akari da inda iska ta fi kaɗawa, domin iska ce ke tara kwalta a gefe ɗaya na tafki. Wani lokaci ƙananan jiragen ruwa biyu sukan ja shingen ta bakinsa biyu, kamar yadda masunta ke jan taru.

3.5.2 Tsamowa

Bayan an tara ta sai a ɗauke ta daga saman ruwa. Na'urar da ke wannan aiki za a kira ta matsami a nan, domin aikinta ɗaya da na matsamin mai ƙosai, wato ɗauke abin da ake so a bar ruwan a baya. Matsaman iri-iri ne:

(a) Mai nitsattsen baki. Wannan kamar kwano yake, bakinsa yana ɗan ƙasa da fuskar ruwa, ta yadda abin da ke sama zai riƙa kwarara ciki famfo yana janyewa. Yana da sauƙi, amma yana haɗiye ruwa da yawa, kuma kwalta mai kauri takan tsaya a bakinsa ta ƙi shiga.

(b) Mai ganga ko faifai ko buroshi. Wannan ya dogara ne ga halin kwalta na manne wa wasu abubuwa waɗanda ruwa ba ya kama su. Gangar tana juyawa rabinta a cikin ruwa, kwalta ta manne mata, sa'annan wani ƙarfe ya kankare ta zuwa cikin mazubi. Abin da yake kamawa ba shi da ruwa da yawa.

(c) Mai bel. Bel ɗin yana da haƙora ko raga, yana shiga ƙarƙashin kwaltar ya ɗauko ta sama zuwa cikin jirgi. Ya fi dacewa da wadda ta dunƙule.

(d) Motar haƙa. Idan kwaltar ta daskare ta zama faifai-faifai masu kauri, sai a yi amfani da motar haƙa daga bakin tafki ko daga kan faffaɗan jirgin ruwa a kwashe ta.

Dangane da kashi na (b), wani injiniya na Alberta mai suna Jan Kruyer ya ƙirƙiro wata dabara a shekarun 1970, inda ake bi da cakuɗen ta cikin raga mai juyawa. Ruwa da ƙasa suna wucewa ta hudojin ragar, kwalta kuwa tana mannewa a jikinta, sai a kai ragar wurin zafi a narkar da ita.

3.5.3 Turawa

Ɗauke kwalta daga ruwa rabin aiki ne, domin tura ta zuwa tudu shi ma aiki ne babba. Famfon ruwa na yau da kullum ba ya iya tura ta, kuma yakan dama ta da ruwa har rabuwarsu ta yi wuya. Saboda haka akan yi amfani da famfo mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, irin na injin markaɗe, wanda ke tura abu a hankali da ƙarfi. Akan ɗumama kwaltar da tururi ko ruwan zafi domin ta saki. Wata dabarar ita ce a sa siririn ruwa ya kewaye ta a cikin bututu, ta yadda ruwan ne ke gogar ƙarfe, ita kuma tana sulɓewa a tsakiya. Da irin wannan hikima ce kamfanin Syncrude ya tura kumfar kwalta tafiyar kimanin kilomita 35 daga Aurora zuwa Mildred Lake. Inda babu bututu, tankoki masu zuƙa ne ke ɗauka.

3.5.4 Tacewa

Abin da aka tsamo yakan zo da ruwa, da ƙasa, da itatuwa da ganyaye. Akan tace tarkacen, a ɗumama sauran a cikin tanki domin ruwa ya rabu, sa'annan a mayar da shi cikin layin masana'anta kaɗan-kaɗan, domin kada ya ɓata sabuwar kumfar da ke fitowa. Wanda ya lalace ƙwarai ba a mayar da shi, sai a kai shi wurin da aka keɓe a binne.

3.6 Matsalolin Aikin

Matsala ta farko ita ce sanyi. A yankin Fort McMurray sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, kuma ƙanƙara takan rufe tafkuna daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. A wannan lokaci jirage ba sa tafiya, kwalta kuma takan yi tauri. Abin damuwa shi ne, lokacin da ƙanƙarar ke narkewa ta saki kwaltar da ta riƙe shi ne kuma lokacin da tsuntsaye ke wucewa.

Ta biyu ita ce girman wurin. Tafki ɗaya yakan kai murabba'in kilomita masu yawa, iska kuma tana iya kwashe kwalta daga wannan gefe zuwa wancan cikin dare ɗaya, ko igiyar ruwa ta tsallakar da ita ta kan shinge.

Ta uku ita ce haɗari ga ma'aikata. Taɓon ba ya ɗaukar nauyin mutum ko na mota, kuma wanda ya faɗa ciki ba ya iya tsayawa ko iyo yadda ya kamata. Har ila yau akwai tururin nafta da iskar metan waɗanda ke kama wuta, da wasu iskoki masu cutar da numfashi.

Ta huɗu ita ce lalacewar kwaltar. Wadda ta daɗe tana shan rana da iska takan rasa sassanta marasa nauyi, ta cika da yumɓu, ta yi wuyar sarrafawa. Ke nan duk ranar da ta ƙara a tafki darajarta na raguwa, kuɗin tsamo ta kuma na ƙaruwa. Wannan ne ya sa tsamo tsohuwar kwalta ya fi zama aikin kare muhalli a kan neman riba.

3.7 Misalin Tafkin Base Mine

A ƙarshen shekarar 2012 kamfanin Syncrude ya daina zuba dagwalo a wani tsohon ramin haƙa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8, wanda taɓon cikinsa ya haura zurfin mita 40 a wasu wurare. An rufe taɓon da ruwa mai zurfin 'yan mitoci, aka sa masa suna tafkin Base Mine. Manufar ita ce a gwada ko irin wannan wuri zai iya zama tafki mai rai bayan wani lokaci. Shi ne gwaji na farko mai wannan girma a yankin.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka bayyana shi ne, ko da yake an rufe bututu, kwalta ba ta daina tasowa ba. Tabarmin kwalta da suka kwanta a saman taɓon sun ci gaba da sakin ta yayin da iskar gas ke ɓulɓulowa, tana yin maiƙo a saman ruwa tana kuma ɓata gaɓa. Wannan ya sa aka shiga aikin kafa shinge, da tsamowa, da share gaɓa, har da yashe tabarmin daga ƙasan tafkin. Darasin da ke cikin wannan shi ne, kwaltar da aka bari ta nitse ba ta ɓace ba. Takan dawo bayan shekaru, a warwatse, a lokacin da kama ta ya fi wuya da tsada.

3.8 Tare Kwalta Kafin ta Kai Tafki

Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. Masana'antun sun ɗauki matakan rage kwaltar da ke fita tun daga ciki. Akan bi da ruwan lakar tsakiyar tukunya ta wasu tankuna inda ake hura masa iska domin a kama kwaltar da ta kuɓuce a zagaye na farko. Akan kuma bi da dagwalon sashen tsabtace kumfa ta wata na'ura mai tururi wadda ke janye nafta. Ƙa'idar hukuma ita ce kada man surkin da ke salwanta ya wuce ganga 4 a cikin kowace ganga 1,000 ta kwaltar da aka samar. Rage nafta yana da amfani biyu, domin ita ce abincin halittun da ke fitar da metan, kuma metan ce ke ɗago tsohuwar kwalta. Bugu da ƙari, wani kamfani da aka sani da suna Titanium Corporation ya gwada wata dabara ta kama kwalta da man surki da wasu ma'adinai masu daraja daga wannan dagwalo kafin a zuba shi a tafki.

Wannan bayani yana da amfani ga Nijeriya, domin akwai yashi mai kwalta a jihohin Legas da Ogun da Ondo da Edo, musamman wajen Agbabu, inda aka fara haƙa rijiyoyin gwaji tun farkon ƙarni na 20. Idan aka zaɓi hanyar wanke shi da ruwa, to za a sami dagwalo kamar yadda aka samu a Athabasca. Babu matsalar ƙanƙara a can, amma akwai ruwan sama mai yawa wanda zai iya cika tafki ya kwashi abin da ke samansa zuwa rafuka da gonaki. Saboda haka ya kamata tsarin kama kwalta ya kasance cikin shirin masana'anta tun kafin a haƙa tafkin farko.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa kwaltar da ke yawo a tafkunan dagwalo ita ce ragowar da ta kuɓuce wa masana'anta, kuma iska da ɗumi da nafta da iskar gas su ne ke ɗaga ta sama. An kawo dalilan tsamo ta, waɗanda suka haɗa da kare tsuntsaye, da kare ruwa da injuna, da ceto dukiya, da share fagen gyaran ƙasa. An kuma yi bayanin matakai huɗu na aikin, wato tarewa da tsamowa da turawa da tacewa, tare da matsalolin sanyi da girman wuri da haɗari da lalacewar kwaltar. Daga misalin tafkin Base Mine an ga cewa wadda ta nitse takan sake tasowa. A taƙaice, wuraren kama kwalta hawa uku ne: cikin masana'anta, da bakin bututu, da faɗin tafki, kuma kowane ɗaya ya fi na bayansa sauƙi da arha. Babi na gaba zai dubi yadda ake sarrafa taɓon da ke kwance a ƙasan tafkunan domin a raba shi da ruwansa.